Ƙarshen da Kaset Bai Ɗauka Ba

Ƙuri'a ce ta tayar mini da wannan tunani, kuma ba ta gwamna ko ɗan majalisa ba, ƙuri'ar waƙa. Muna da wani ɗan zaure a waya, mu masu son irin kiɗan Turawan nan da yaran yanzu suke kira furogiresib rok, wanda waƙa ɗaya takan ci minti ashirin, ta sauya tafiya sau biyar ko shida kafin ta sauka. Ba mu da yawa a Doha: 'yan Najeriya ƙalilan, da 'yan Filifin, da Indiyawa, da wani ɗan Labanan mai yawan gardama. Duk ƙarshen shekara sai a jera waƙoƙi a zauren, kowa ya dangwala wa wadda ransa yake so, a ɗauki biyar na sama a tafi bakin teku a Wakra da tabarmi da shayi da lasifika a saurara. Al'adarmu kuwa ita ce wanda ya kawo sunan waƙar da ta zo ta ɗaya, shi zai miƙe ya ba da labarin yadda ya san ta. Bana Likita ne ya riga ni kawo sunan waƙar da nake ganin tawa ce tun ina saurayi. Ba zan ɓoye ba, da na ga sunansa a gefenta sai da kishi ya kama ni.

Likita abokina ne tun makarantar kwana, gadonsa a sama, nawa a ƙasa, kuma haka muka ci gaba da zama har yau. Irin mutanen nan ne da idan sun shigo ɗaki kowa yake gyara zama. Ko labarin da ka ba shi jiya ya maimaita a gabanka, sai ya fi daɗi a bakinsa, a yi ta dariya kai kana gefe kana murmushin dole. Ya yi karatu a Ingila, har sau biyu ya ga masu waƙar nan da idonsa suna kaɗa ta. A gidansa na Wakra akwai ɗaki guda na faya-fayai kawai. Ni kuwa ina wani bene a Muntaza, saman shagon masu gasa kaji, na'urar sanyaya ɗakin maƙwabcina tana ɗiga mini ruwa a taga shekara da shekaru. Ba talauci nake kuka ba, Allah ya rufa asiri, aikin injiniya ya yi mini komai. Amma kamfani ya ce shekaruna sun cika, takardun zamana za su ƙare, wannan shi ne ƙarshen shekarata ta ƙarshe a ƙasar nan. Na so a ce sau ɗaya dai ni na miƙe a gaban mutane na ba da labarin nan da bakina.

A zamaninmu sauti ba ya da arha. Abin da kunnenmu ya sani shi ne ƙarfen taya da aka rataye a bishiya ana buga shi da asuba, da ƙarar bokitai a bakin famfo, da langalanga tana saran ciyawa ranar Asabar, da hucin dutsen guga idan an yayyafa wa wando ruwa. Waƙa kuwa sai an jira ta. Idan gidan rediyo ya sako wadda kake so, ka ji ta ke nan, sai kuma wani makon in Allah ya kai mu. Muna da wani malamin kimiyya Ba'indiye, mutum mai ƙarancin magana, wanda garmahonsa na lantarki ya daina magana shi ma. An gaya masa akwai wani dogon yaro a ajinmu da ba ya barin rediyo ya zauna lafiya sai ya buɗe cikinsa, shi ne ya aiko aka kira ni. Waya ɗaya ce ta saki, na ɗiga mata darma, shi ke nan. Don ya gwada sai ya zaro wani faifai ya ɗora. Ganga ɗaya tilo ce ta fara, a hankali, kamar mace tana daka ita kaɗai a wani gida mai nisa. Can sai jita ta shigo, sai wani abu mai zurfin murya ya biyo ta, sai duk suka juya suka ɗauki wata hanya da ƙafata ta kasa bin lissafinta. Ni da na tashi ina jin gangar noma da makaɗan da kan zauna kan waƙa ɗaya daga la'asar har magariba, tsawo bai ba ni tsoro ba. Abin da ya kama ni shi ne ban san inda za ta ba. Ko minti uku ba a yi ba malam ya ɗage allurar ya ce aiki ya yi kyau, in tafi.

Sati guda na yi ina damun Likita. Shi kaɗai yake da rediyo mai kaset a duk ɗakin kwananmu, wanda mahaifinsa ya yi masa tsaraba daga Makka, kuma kaset ɗaya tak gare shi. Gefe ɗaya kiɗan bikin yayarsa ne, wannan ba a taɓawa. Ɗaya gefen waƙoƙin Indiya ne na ƙanwarsa. Na ce a share su duka, ya ce a'a, biyun farko dai a bar su, in ba haka ba yarinyar nan ba za ta bar shi ya sha ruwa ba idan an yi hutu. Na yi masa lissafi, na roƙe shi, har kason ƙosaina na safe na yi masa alkawari, ya ƙi. Ranar Asabar bayan azahar muka je gidan malam, muka durƙusa muka kara rediyon a bakin lasifika, muka riƙe numfashi. Duk da haka zakaran maƙwabta ya shiga kaset ɗin, tukunyar matar malam mai huci ita ma ta shiga. Waƙa ta yi nisa, jita ta kama hawa, tana hawa, tana hawa, ka san wani babban abu na tafe, sai muka ji ƙas! Zare ya ƙare. Malam ya dubi rediyon, ya ɗage allura, ya mayar da faifan cikin kwalinsa. Kunya ta hana ni cewa ya bari mu ji sauran. Bayan sati biyu ya kwashe kayansa ya koma ƙasarsu.

Haka muka zauna da waƙa marar ƙarshe. Kowace Asabar idan mun gama wanki mun baza kaya a kan ciyawa, sai mu taru gindin darbejiyar bayan ɗaki. A kwaso batiran da aka shanya a rana tun safe, wani ya ɗan ciccije su don su ƙara ƙarfi, a zura biro a kaset a yi ta juyawa da hannu don kada mayarwa ta cinye batir. A saurara tun daga gangar farko, a yi wa zakara dariya idan ya zo, a yi shiru idan jita ta fara hawa. Sai ƙas. Shirun da yake biyo baya har ciwo yake mini. Wata rana ban san lokacin da na tsuke baki na ci gaba da fito daga inda ta tsaya ba. Kakata ta hana ni fito tun ina ƙarami, takan ce mai fito shaiɗan yake kira, ta bi ni da muciya har zaure. Amma ran nan babu kaka, babu muciya. Na kai jitar inda nake jin ya kamata ta kai, na sauko da ita a hankali, na mayar da ita wurin gangar farko na ajiye. Da na buɗe ido na ga kowa ni yake kallo. Daga ranar ya zama doka: da an ji ƙas sai a juyo wurina. Ina ƙara wani lanƙwasa wannan makon, in cire wani mako mai zuwa, har abin ya zauna daram, minti uku ko fiye. Suka laƙaba mini Mai Fito. A duk zamana na makarantar nan, waɗannan mintuna ne kaɗai idon mutane yake barin Likita ya dawo kaina, shi ma yana cikin masu kallon.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, kuma su ma ina kishinsu, kada a ce na rage wani abu. Duk waƙar duniya tana aljihunsu. Suna tafiya a jirgin ƙasa na cikin gari da abu a kunne, waƙa ba ta yi rabin minti ba sun ture ta da yatsa sun kamo wata. Ba su taɓa shanya batir ba. Ba su taɓa kwana da tambayar yadda waƙa ta ƙare ba. Ni ma da waya ta zo na nemo tamu na same ta, tas, babu zakara babu tukunya. Amma ko sau ɗaya ban taɓa bari ta wuce wurin nan ba. Da jita ta kai inda zare ya ƙare sai in danna in tsayar. Ina tsoron in ji nasu ya fi nawa, kuma na san zai fi.

To da aka buɗe ƙuri'ar bana na ga mutane suna ta dangwala wa waƙar da Likita ya kawo, sai na hango shi tsaye a bakin teku, hula a karkace, yana cewa rediyona, kaset ɗina, Ingila kaza, ana tafi. Zuciya ta ɗebe ni. Na tsallake waƙar da na fi so a duniya, na dangwala wa wata da ɗan Labanan ya kawo, wadda wallahi ko kyauta ba na iya sauraronta, don kawai ita ce take bin ta a baya. Ina ganin kaina mai wayo, har na gaya wa matata Hajiya muna cin abinci.

Ta ajiye cokali ta ce, "Alhaji, ba ni wayar nan."

Na miƙa mata. Ta taɓa wani ɗan rubutu a ƙasan ƙuri'ar da ban taɓa lura da shi ba, sai ga sunaye sun zubo a jere, kowa ƙarƙashin abin da ya zaɓa. Ga nawa nan, da hotona da babbar riga, ƙarƙashin waƙar ɗan Labanan.

"Kai ka ɗauka akwatin zaɓe ne mai labule? Kowa yana gani. Tun yaushe ka danna?"

"Shekaranjiya."

"To Likita ya gani tun shekaranjiya. Injiniya guda, mai gyaran garmaho!"

"A cire mana."

"A cire me? Khalas, magana ta ƙare, an rufe tun jiya. Kuma duk da taimakonka tasa ce ta ci." Ta ɗauki cokalinta. "Mutum da furfurarsa yana kishi kan waƙar Turawa. Da ma kan fili ne ko mota, sai in ce."

Sai a lokacin na lura Likita bai kira ni ba kwana biyu, shi da ba ya fitowa daga asibiti bai buga ya tsokane ni ba. Juma'a ta zo, gaisuwar da yake turo mini kowane mako ba ta zo ba. Na ɗauki waya sau uku in kira shi ina ajiyewa, don ban san da wane baki zan fara ba. Abota ta fiye da shekara arba'in, saura 'yan makonni in bar ƙasar, na je na yi mata wannan da yatsa ɗaya. Ranar taron na ce wa Hajiya gwiwata tana ciwo. Ta ce gwiwar ta shiga mota, ai ba da ƙafa za mu Wakra ba.

Bayan la'asar muka isa. Sanyin ƙarshen shekara ya sauko, kwale-kwalen masunta suna can suna lilo a tashar, an shimfiɗa tabarmi, an kafa lasifika kan wata kujera. Shugabar zauren, wata injiniya 'yar Kaduna sa'ar babbar 'yata, ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ga kujera nan kusa da Baba Likita na ajiye maka." Na duba fuskarta ko da dariya a ciki, ban gani ba, wannan ya ƙara mini kunya. Likita ya miƙo hannu muka gaisa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Hajiya, bai ƙara komai ba. Aka saka ta biyar, aka saka ta huɗu, shayi ya zagaya, ni ban ji ko ɗaya ba. Da aka zo ta ɗaya shugaba ta ce, "Yalla, Baba Likita, fili naka ne."

Ya miƙe, hular a karkace kamar yadda na hango. Ya ba da labarin malam Ba'indiye, da zakara, da tukunya mai huci, mutane suna ta dariya, yana juya shi da Turanci saboda baƙi. Ina zaune ina cewa a raina, ga shi nan, ya sake kwashewa. Sai na ji ya ce, "Ni na yanke waƙar nan. Wani ya ce a share kaset duka, na ƙi saboda tsoron ƙanwata. Kuma na san kun ga shi wanin nan yana cikinmu, kuma bai zaɓe ta ba." Mutane suka fara satar kallona. Ya ce, "Ni ban yi mamaki ba. Abin da ke cikin wayar nan ba waƙarsa ba ce. Tasa ƙarshenta daban, kuma yau za ku ji shi." Ya karɓi wayar daga hannun shugaba ya riƙe da kansa.

Ganga ta fara. Na sunkuyar da kai ina kallon yashi. Mutumin nan ya san sarai abin da ya sa na yi abin da na yi, ya ɗauko wani dalili mai kyau ya lulluɓe ni da shi a gaban jama'a. Ko a nan ma sai da ya fi ni. Waƙa ta yi tafiyarta, jita ta kama hawa, kuma daidai wurin, ko daƙiƙa bai kuskure ba, ya danna ya tsayar, ya ce da bakinsa, "Ƙas!" Ya juyo ya dube ni. Kowa ya juyo.

"Mai Fito, bisimilla."

Na tsuke baki na hura. Iska ce kawai ta fito. Haƙoran gaban nan biyu da aka sa mini a wani asibiti a nan Doha ba su san fito ba. Na lashi leɓe na sake, wani ɗan siririn sauti ya fito, na kama hawan farko da ƙyar, na kai inda ya kamata in lanƙwasa, sai na tarar babu komai a wurin. Na manta. Abin da na ƙaga da kaina, wanda na hana kaina jin na ainihi saboda shi, na neme shi a kaina na rasa. Rabona da yin sa har ƙarshe tun ranar da muka bar makaranta. Ina ta ajiyarsa ne kawai ban taɓa buɗewa na duba ba.

Sai na ji an ɗauka daga gefena. Likita ne, ido a rufe, hannu ɗaya a aljihu. Ya bi lanƙwasar da na rasa, ya kai jitar sama, ya yi ɗan jinkirin nan da nakan yi don in ja numfashi, wanda shi ya ɗauka cikin waƙar yake, ya sauko a hankali, ya kai ta wurin gangar farko ya ajiye. Babu abin da ya bari. Wayoyi duk sun tashi sama suna ɗaukarsa. Aka fashe da tafi, ɗan Labanan har da rungumarsa. Yana ta nuna ni yana cewa ga mai shi nan, ga mai shi nan, amma wa yake kallon mai shi? Na yi tafi tare da su, idona ya cika da ruwa, kuma in an tambaye ni na mene ne, rabi daɗi ne, rabi kishi tsagwaronsa.

Da aka kira magariba muka nufi masallacin bakin kasuwa mu biyu, muna jan ƙafa cikin yashi. Na ce, "Kai, a ina ka riƙe abin nan?"

"A mota. Kullum in zan tafi asibiti. A Ingila ma haka."

"Kai da ka ji na gaskiyar, har ka gan su da ido?"

"Na ji. Ya fi naka tsari, kada ka ruɗi kanka." Ya yi dariya. "Amma duk sanda suka wuce wurin nan sai in ji kamar sun yi kuskure."

Muka ɗan taka. Na ce, "Batun ƙuri'ar nan..."

"Ya ba ni haushi, Dogo. Kwana uku ina jin haushi. Da ka ce mini kana so ka kawo ta, ai da na bar maka."

"Shi ya sa ban ce ba."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya tuɓe takalmi ya shiga alwala.

Hoton bidiyon yana nan yana yawo a zaure, an rubuta fiton Baba Likita a ƙasansa. Shugaba ta gyara sau biyu, ba wanda ya bi ta kai. Na kalle shi ya fi a ƙirga, kuma kowane kallo sai na ji kishin nan ya taso. Kayanmu suna cikin kwalaye, masu jigila sun zo sun auna. Abin da ya rage mini a Doha shi ne kowace yamma idan ya taso daga aiki yakan tsaya a ƙasan benenmu, in sauko in shiga motarsa, mu rufe gilashi saboda masu gasa kaji, ya yi fito in bi. Na koyi yadda zan kauce wa haƙoran, na kai kusan rabi. Jiya na shiga lanƙwasa ta biyu ina jin na kama ta, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"A'a, ka yi sauri. Ba haka take ba."

Na ce, "Ni za ka gaya wa yadda take?"

Ya ce, "To yi mu ji."

Na tsuke baki, amma ban san inda za ta bi ba. Can na ce ya sake daga farko.